Yadda ake tantance faifan celo da fiyano na zamanin Romantik, a fara da sonatocin Brahms

Celo babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda makaɗi ke zama ya kafa shi tsakanin gwiwoyinsa, yana goga shi da baka mai gashin wutsiyar doki da aka shafa wa ƙaro. Fiyano kuwa akwati ne mai maɓallai 88, kowane maɓalli da 'yar gudumarsa da ke dukan waya. A ƙarni na 19, wato zamanin da ake kira Romantik, mawallafan kiɗa a Turai sun rubuta wa waɗannan kayan biyu ayyuka masu yawa don a kaɗa a ɗaki ko ƙaramin zaure, kuma duk wanda ya zo naɗar su a faifai yana cin karo da matsala guda. Muryar celo tana zaune daidai inda hannun hagun mai fiyano yake aiki, fiyano kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Faifai mai kyau shi ne wanda za ka ji su biyun suna magana a matsayin tsara, babu wanda ya danne wani. Duk matakan da ke ƙasa don gano wannan ne.

Fara da aiki ɗaya

Kada ka tara faifai ashirin na mawallafa goma. Ɗauki aiki guda ka san shi ciki da bai, sannan kunnenka zai iya rarrabe abin da mawallafi ya rubuta da abin da makaɗi ya ƙara. Wanda ya fi dacewa da wannan shi ne sonata (dogon kiɗa ba murya da aka kasa babi-babi) ta farko da Johannes Brahms ya rubuta wa celo da fiyano, mai lamba Op. 38, wadda ya fara a 1862 ya kammala a 1865. Babi uku gare ta, tana cin minti 25 ko ɗan sama da haka. Brahms ya sa sunan fiyano a gaba a kan bangon takardar, celo na biye, wato bai ɗauki mai fiyano a matsayin ɗan rakiya ba. Ya sadaukar da ita ga Josef Gänsbacher, malamin waƙa a Biyana, babban birnin Ostiriya, da ke kaɗa celo don sha'awa. Ana ba da labarin cewa wata rana suna kaɗa ta tare, Gänsbacher ya yi kukan ba ya jin kansa saboda ƙarar fiyano, Brahms ya ce masa ai ya yi sa'a. Ko a bakin mai aikin, ke nan, an san inda gizo ke saƙa.

Bayan ta sai ta biyu, Op. 99, wadda ya rubuta a damina ta 1886 a bakin tafkin Thun a Suwizalan, domin makaɗin celo Robert Hausmann. Su biyun suka fara kaɗa ta a Biyana a watan Nuwamban shekarar. Babi huɗu ce, kuma ta fi ta farko zafi. Kusan kullum a faifai ɗaya ake haɗa su.

Idan za ka nema a intanet, rubuta sunan mawallafi da lambar, kamar Brahms Op. 38. Lambar ita ce ba ta canzawa daga harshe zuwa harshe. Takardar kiɗan ma ana samun ta kyauta a shafin IMSLP, tunda haƙƙin mallakarta ya daɗe da ƙarewa. Ko ba ka iya karanta ta, za ka ga layi ɗaya na celo a sama da layi biyu na fiyano a ƙasa, ka ga inda ɗaya ya yi shiru ɗayan ya ci gaba, kuma wannan kaɗai yana taimakon kunne.

Gyara abin sauraro kafin ka yanke wa kowa hukunci

A nan aka fi zaluntar makaɗa. Tsirkiyoyin celo huɗu, daga mafi kauri, suna kaɗawa wajen sau 65, 98, 147 da 220 a daƙiƙa. Sifikar jikin waya ba ta iya fitar da amon da ke ƙasa haka, sai dai ta ba ka inuwarsa. Sonata ta farko kuwa a kan tsirkiya mafi kauri take buɗewa, da amo mai kaɗawa wajen sau 82 a daƙiƙa. Wanda ya saurare ta a sifikar waya zai ji fiyano yana ɗan taɓawa, celo kuma kamar sauro a bayan labule, ya ce faifan ba shi da kyau, alhali laifin wayarsa ne.

Mafi sauƙin mafita shi ne abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya, mai waya. Iyafis ma yana yi idan robarsa ta toshe kunnen da kyau. In ta yi sako-sako, kaurin amon ne ke fara zurarewa. Idan sifika biyu gare ka, ajiye su da tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka zauna a inda nisanka da kowacce ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsu. Ka janye su daga bango aƙalla tsawon kamu ɗaya, domin sifikar da ta manne da bango ko ta shige lungu tana kumbura amon ƙasa har celo da hannun hagun fiyano su cakuɗe su zama gunji ɗaya. Ɗaki mai darduma da labule ya fi mai tayil tsirara.

Sai saitin manhaja. Kashe duk wani abin ƙara kaurin sauti. Kashe tsarin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, don babukan sonata a jere ake jin su. Kashe wanda ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, ka kunna wanda ke hana tsayawa tsakanin waƙoƙi. Akwai kuma tsarin da ke daidaita ƙarar kowace waƙa da 'yan uwanta. Idan yana aiki babi-babi, zai ɗaga babin da aka so a ji a hankali har ya kai ƙarar mai hayaniya, ya ɓata ma'aunin da makaɗan suka gina. Kashe shi ko ka mai da shi ya yi aiki a kan faifan gaba ɗaya.

Game da nauyin fayil: MP3 mai 128 (kilobit a daƙiƙa, lambar da ke nuna ingancin fayil) yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, mai 320 kusan biyu da rabi, sautin CD da ba a matse ba kuma wajen goma. Sonata ɗaya ke nan za ta ci wajen megabayit 25 zuwa 30 a na farko, 60 zuwa 70 a na biyu, 250 zuwa sama a na uku, FLAC kuma, wato fayil ɗin da ke matse sautin CD ba tare da rage ingancinsa ba, kusan rabin wannan. Ga mai lissafin data, 256 ko 320 ya wadatar sarai. A 128 da ƙasa, wutsiyar amon fiyano ce ke lalacewa: maimakon ta dushe a hankali sai ta riƙa yin wani kaɗawa kamar ana jin ta a cikin ruwa. Sauke fayil ɗin ka ajiye, don idan sabis ya yi rauni manhajoji kan rage ingancin ba tare da sun faɗa maka ba.

Ka kuma kashe fanka, ka jira janareton maƙwabta ya yi shiru. Gunjin inji yana zaune daidai wurin muryar celo.

Zaɓi faifai uku da suka sha bamban

Uku sun isa, amma kada su zama 'yan gida ɗaya. Ɗauko ɗaya mai zafin jini, ɗaya mai kamewa, ɗaya tsoho ko wanda aka yi da kayan zamanin da.

A ɓangaren zafi, akwai na Jacqueline du Pré da mijinta Daniel Barenboim, wanda kamfanin EMI ya naɗa a 1968, ko na Mstislav Rostropovich da Rudolf Serkin na kamfanin Deutsche Grammophon a 1982, lokacin Serkin yana dab da shekara 80. A ɓangaren kamewa, na Janos Starker da György Sebők a kamfanin Mercury a 1964 ya dace sosai, haka na Pierre Fournier da Wilhelm Backhaus a Decca a 1955. Na kusa-kusa akwai Steven Isserlis da Stephen Hough a Hyperion, 2005. A tsofaffi, Emanuel Feuermann ya naɗi ta farko da Theo van der Pas a 1934, Pablo Casals ya naɗi ta biyu da Mieczysław Horszowski a 1936. Pieter Wispelwey da Paul Komen kuwa sun yi nasu a farkon shekarun 1990 da tsohon fiyano na ƙarni na 19.

Kula da shekarar da manhaja ke nunawa. Sau da yawa shekarar sake fitarwa ce, ba ta naɗa ba, sai ka ga faifan 1955 an rubuta masa 2010. Wasu makaɗan kuma sun naɗi aikin fiye da sau ɗaya: Yo-Yo Ma da Emanuel Ax sun yi a RCA a tsakiyar shekarun 1980, suka sake a Sony a farkon 1990. Duba sunan kamfani tare da sunan makaɗa. A bayan CD, haruffan ADD na nufin a kan tef aka fara naɗa, DDD kuma na nufin da na'urar dijital aka yi tun farko. Wannan bayani ne kawai, ba shaidar kyau ba ce. Faifan tef na shekarun 1960 da yawa sun fi na dijital na farkon 1980 daɗin ji.

Daidaita ƙara

Kunne yana da son zuciya: duk abin da ya ɗan fi ƙara sai ya ce ya fi kyau, ko da bambancin desibel ɗaya ne a ma'aunin ƙara. Faifai kuma ba ƙararsu ɗaya ba. Saboda haka je ka farkon babi na uku na Op. 38 a kowanne, inda fiyano ke shiga da ƙarfi shi kaɗai, ka murɗa har ukun su yi maka ƙara ɗaya, ka rubuta lambar da kowanne ya tsaya a kai. Da sifika za ka iya amfani da manhajar auna ƙara a wata wayar, ka ajiye ta inda kanka zai kasance. Kada ka taɓa ƙarar bayan nan. Wuraren da aka kaɗa a hankali an so su zama a hankali, kuma wanda ya ƙure ƙara don ya ji su zai sha duka a kunne idan an iso masu ƙarfin.

Wurare biyar da za ka gwada

Saurari kowane wuri a faifai ukun a jere, minti ɗaya zuwa biyu, kafin ka wuce na gaba. Ƙwaƙwalwar kunne gajeriya ce. In ka ji sonata sukutum sannan ka koma wata, abin da za ka tuna ra'ayinka ne, ba sautin ba.

Na farko, minti ɗaya na buɗewar Op. 38. Celo ne ke ɗauke da karin a can ƙasa, fiyano yana ajiye gajerun amo a samansa, a tsakanin bugu da bugu. Brahms ya rubuta a kaɗa a hankali. Ka tambayi kanka abu biyu. Shin kana jin kowane amon celo da gefensa, ko kuwa gurnani ne kawai? Shin amon fiyano yana da jiki, ko an tura shi can baya kamar daga wani ɗakin? Jim kaɗan sai su yi musanya, fiyano ya karɓi karin, celo ya koma rakiya. Nan ake gane makaɗin da ya san zaman tare: zai ja da baya ya bar wa abokinsa fili. Wanda bai iya ba zai ci gaba da cika wuri ko da rakiya yake yi, injiniyan da ya manna makirfo a cikin celo kuma yana ƙara masa laifi.

Na biyu, tsakiyar babi na biyu. Babin yana farawa da taku irin na tsohuwar rawar fada, sai a tsakiya ya juye zuwa wani kari mai santsi inda celo da hannun daman fiyano ke tafiya kan layi ɗaya. Mai fiyano ba ya iya gyara amonsa, an riga an ɗaure wayoyinsa, don haka mai celo ne zai bi shi da yatsa. Idan yatsan ya kauce ko da kaɗan za ka ji wani ɗaci-ɗaci, kamar murya biyu na gogayya. A nan ma za ka ji yadda suke jan lokaci su sake shi. Jan da ke da kyau yana dawo da abin da ya ara. Wanda ke tsayawa a ƙarshen kowace jimla yana kashe rawar.

Na uku, babin ƙarshe, kuma shi ne babbar jarrabawa. Brahms ya gina shi kan salon da murya ɗaya ke fara kari, ta biyu ta shigo da shi, ta uku ta biyo, kowacce tana bin sawun 'yar uwarta. Karin kansa ya yi kama ƙwarai da wani na Bach, mawallafin Jamus na ƙarni na 18, kuma da gangan ne. Muryoyi biyu suna hannun mai fiyano, ɗaya tana wurin celo, ga gudu, ga ƙarfi. Ƙirga shigowar da yatsa: ɗaya, biyu, uku. In ka rasa celo bayan ta uku ta shigo, nemi dalili. Wani lokaci mai fiyano ne ya danne feda ta dama, wadda ke barin amo ya daɗe, ya ƙi ɗagawa, amo ya hau kan amo. Wani lokaci zauren ne ke da amsa-kuwwa da yawa, kamar tsohuwar coci, makirfo kuma yana nesa. Wani lokaci gudun ne ya wuce kima, har baka ba ya samun damar kama tsirkiya mai kauri, wadda dama tana da nauyin tashi. Akasin haka ma aibi ne: in celo ya fito ƙato har ya fi fiyano girma, ka san an ɗaga shi a na'ura, domin a zaure hakan ba ya faruwa. Fiyanon zaure tsawonsa ya kai mita 2.7, wayoyinsa na ja da ƙarfin wajen tan 20 a kan firam na ƙarfe.

Wannan wurin ne ke nuna amfanin jin tsohon fiyano. Wanda Brahms ke da shi a gidansa a Biyana ƙirar Streicher ne, wayoyinsa a miƙe suke ba a giciye ba, gudumominsa an lulluɓe su da fata. Amon irin wannan fiyano yana fita da kaifi ya mutu da wuri, sai ya bar wa celo sarari. Na zamani amonsa yana daɗewa yana cika ƙasa. Rabin wahalar da makaɗan yau ke sha da wannan babi daga nan ta samo asali, kuma mai fiyanon da ya fahimci haka yana rage feda, ya sassauta hannun hagu, ba tare da ya rage zafin kiɗan ba.

Na huɗu, buɗewar Op. 99. Fiyano yana karkarwa da sauri kamar iska a jinka, celo yana jefa gajerun kira a sama. Karkarwar ta zama kana iya jin ƙwayoyinta, kada ta zama hayaƙi. Kiran celo kuma ya fito da ƙarfi ba tare da ya koma ƙaraji ba.

Na biyar, farkon babi na biyu na Op. 99, inda mai celo ke barin baka yana fizgar tsirkiya da yatsa kamar mai molo, fiyano na rera kari a sama. Kowace fizga tana da kai da wutsiya: tas ɗin yatsa, sannan amon da ke biyo baya daga cikin akwatin. Makirfon da ya matso da yawa yana ba ka tas ɗin da numfashin makaɗi da ƙarar yatsa a kan katako. Wanda ya yi nisa yana ba ka wutsiya babu kai.

Rubuta layi ɗaya a kan kowane wuri ga kowane faifai, layi 15 ke nan. Sai washegari ka saurari wanda ya fi tsaya maka daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, domin akwai faifan da ke cin kowace ƙaramar jarrabawa amma ya kasa riƙe ka minti 25, akwai kuma mai 'yan kurakurai da ba ka iya tashi ka bar shi. Idan sakamakon gwajin da na dogon sauraron suka saɓa, bi na dogon sauraron.

Abubuwan da ke rikita sabon mai sauraro

Tsawon babi ba ya nuna gudu. Babin farko na Op. 38 yana iya cin minti 10 a wani faifan, ya kai 15 a wani, kuma yawanci dalilin shi ne Brahms ya sa alamar a maimaita kashin farko, wasu suna bi wasu suna tsallakewa. Idan ka ji karin buɗewa ya dawo sak bayan 'yan mintuna uku ko huɗu, an yi maimaicin. Ya fi kyau a yi shi, don babin na da kari uku da kunne ke bukatar ji sau biyu kafin a fara juya su.

Tsofaffin faifai masu juyawa 78 a minti ba sa ɗaukar fiye da minti huɗu zuwa biyar a fuska ɗaya, don haka guntu-guntu aka naɗi na Feuermann da na Casals, daga baya aka ɗinke. Za ka iya jin ɗan canjin sauti a wurin ɗinkin, ba laifin makaɗi ba ne. Shuu ɗin da ke bayansu kuwa, bar shi. Masu sake fitarwa da suka goge shi tas sukan goge har da ƙyallin amon celo, ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin bargo. In ka samu fitarwa biyu, ɗauki mai ɗan shuu. Bayan minti biyu kunne zai manta da shi. A waɗannan faifai za ka kuma ji yatsa yana zamewa daga amo zuwa amo a fili. Salon lokacin ne, kuma ya fi kusa da abin da Brahms ya saba ji fiye da tsabtar yau.

Idan amon faifai ɗaya ya zo maka da ɗan kauri fiye da na sauran, duba ko da tsofaffin kaya aka yi. Amon A da ake daidaita kayan kiɗa da shi a yau sau 440 yake kaɗawa a daƙiƙa, amma Faransa ta tsayar da 435 a 1859, wani taro a Biyana ya amince da shi a 1885, kuma masu bin tsohon salo sukan sauko. Tsirkiyar hanji da suke amfani da ita tana da ɗan gurzawa a farkon amo wadda ta ƙarfe ba ta da shi.

Daga nan sai ina

Hanyar ɗaya ce, wurin gwajin ne ke canzawa. Sonatar Chopin, Op. 65, wadda ya rubuta wa abokinsa Auguste Franchomme aka buga a 1847, hannun fiyano ya cika ta maƙil, don haka babin farko ne ma'auni. Faifan Rostropovich da Martha Argerich na 1980 da na du Pré da Barenboim na 1971 sun isa a fara kwatance. A ta Rachmaninoff, Op. 19 ta 1901, gwada babi na uku: fiyano ne ke fara rera karin shi kaɗai, ka ji ko shigowar celo ta zo kamar amsa ko kamar ƙwace. A ta biyu ta Mendelssohn, Op. 58 ta 1843, babi na uku yana buɗewa da fiyano yana shimfiɗa amo ɗaya bayan ɗaya kamar waƙar ibada, celo ya shigo kamar mai magana.

Ka san kuma cewa wasu sanannun ayyukan ba don celo aka rubuta su ba. Sonatar César Franck ta 1886 ta ƙaramin goge ce, Jules Delsart ya mai da ita ta celo. Ta Schubert ta 1824 an yi ta ne wa wani kayan kiɗa mai tsirkiya shida da ya daɗe da ɓacewa, shi ya sa take kai mai celo can ƙarshen wuya inda yatsa ke saurin kaucewa. Rostropovich da Benjamin Britten sun naɗe ta a Decca a 1968. Guntaye uku na Schumann masu lamba Op. 73, na 1849, da sarewar kilarinet a zuciya ya rubuta su, ya kuma yarda a kaɗa da celo. Ya sa alamar a shiga na gaba ba tsayawa, don haka in ka ji shiru na daƙiƙa biyu ko uku tsakanin guntu da guntu, koma ka duba saitin manhajarka kafin ka zargi makaɗan.